In Ganga Ta Cika Zaƙi: Matsalar Lasifikokin Motoci A Ƙasar Gaya Da Ajingi

MASU iya magana sun ce in ganga ta cika zaƙi, to, fashewa za ta yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar mota a Toranke, ko a Ajingi, ko kuwa a cikin garin Gaya ranar kasuwa, ba ya bukatar a fassara masa wannan karin magana, domin kunnensa ya riga ya sha fassararta. Ga motar haya ta saki waƙa tana jiran fasinja, ga mai A Daidaita Sahu ya ɗaure akwatin lasifika a bayan kujera, ga mai tallar magani ya kafa amsa-kuwwa a kan rufin tsohuwar motarsa, kowa yana neman ya danne muryar ɗan'uwansa. Abin mamaki shi ne, duk da tsananin wannan ƙara, da wuya mutum ya tsinci kalma uku a jere daga abin da ake faɗa. Sai dai gurnani da kakari, da wani amo mai kama da na takarda in ana yaga ta.

Wani zai iya cewa wannan ƙaramin al'amari ne, bai cancanci a ɓata masa tawada ba a lokacin da talakawa ke fama da tsadar hatsi da takin zamani. Amma idan aka dubi lamarin da idon basira, za a ga akwai hasara iri uku a cikinsa. Ta farko hasarar dukiya ce, domin lasifikokin nan ƙonewa suke yi a kai a kai, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da akasarinsu. Tun daga shekarar 2023 kuwa, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin duk wani abin da ya ƙetaro teku ya yi tashin gwauron zabo. Ta biyu hasarar ji ce, wanda ba a sayar da madadinsa a kowace kasuwa. Ta uku kuwa, wadda ita ce uwar sauran biyun, hasarar ilmi ce. Samari da yawa suna cin abinci da sana'ar haɗa wayar mota da gyaran rediyo, amma ba a taɓa koya musu dalilin abin da hannuwansu ke aikatawa ba.

Maganin wani babban ɓangare na wannan ɓarna bai fi ƙwallon dabino girma ba, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare ba. Abin da ya rage shi ne a kai wannan sani inda ake bukatarsa.

YADDA SAUTI YAKE

Sauti ba kome ba ne illa kaɗawar iska. Idan makaɗi ya bugi tambari, fatar takan yi ta kai da komowa, ta tura iskar da ke gabanta, iskar kuma ta zo ta kaɗa dodon kunne. Masana suna ƙidaya yawan wannan kai da komowa a cikin sakan ɗaya, suna kiran ma'aunin Hertz don tunawa da wani Bajamushe masanin kimiyya mai suna Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a sakan guda. Wanda ke kaɗawa a hankali shi ne sauti mai kauri, irin na tambari da rugugin hadari. Wanda ke kaɗawa da sauri kuwa shi ne siririn sauti, irin na sarewa da kukan gyare.

Ita lasifika makaɗi ce ta lantarki. A cikinta akwai maganaɗisu, da wata siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe wadda masu gyara ke kira koyil, da kuma faifan takarda ko na roba da ke manne da koyil ɗin. Idan wuta ta ratsa koyil, sai ya motsa gaba da baya a cikin maganaɗisu, ya ja faifan tare da shi, faifan ya kaɗa iska. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan fasali a shekarar 1925, kuma har yanzu a kansa ake ƙera kusan kowace lasifikar mota.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar aikin tambari da na sarewa a lokaci guda yadda ya kamata. Sauti mai kauri yana bukatar a tura iska mai yawa, watau faifai mai faɗi wanda zai yi tafiya mai nisa gaba da baya. Hasali ma, duk sa'ad da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, sai faifan ya ninka nisan tafiyarsa har sau huɗu kafin ya fitar da ƙara daidai da ta farko. Shi kuwa siririn sauti yana bukatar ɗan faifai marar nauyi wanda zai iya juyawa sau dubbai a sakan ɗaya. Saboda haka ne maƙera suka raba aikin. Suka yi babba, wadda aka sani da wufa, ana sa ta a ƙofar mota ko a cikin but. Suka kuma yi ƙarama, tuwita, ana liƙa ta kusa da gilashin gaba. Wayar koyil ɗin tuwita ba ta fi silin gashi kauri da yawa ba, kuma tafiyar faifanta ba ta kai a gani da ido ba.

Amma ita rediyon mota ba ta san wannan rabo ba. Tana turo sautin duka a cakuɗe ta waya ɗaya. Idan aka haɗa tuwita kai tsaye da wannan waya, an ɗora wa ɗan maraƙi garmar bijimi ke nan. Bugun ganga zai shiga cikinta, ya nemi ta yi tafiyar da ba a gina ta don ta yi ba, koyil ya yi zafi, ya narke ko ya tsinke.

RARIYAR SAUTI

Matan Toranke masu tankaɗen garin tuwo sun daɗe da sanin hikimar da ake bukata a nan. Rariya takan bar lallausan gari ya wuce, ta tare tsaki a mai da shi turmi. Haka ake bukatar wata rariya tsakanin rediyo da lasifika, wadda za ta tura siririn sauti wajen tuwita, ta tura mai kauri wajen wufa. Masu sayar da kayan sauti suna kiran ta kurosoba, amma da Hausa ana iya ce mata mararrabar sauti.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1915 wani Ba'amurke mai suna George Campbell da wani Bajamushe mai suna Karl Wagner, kowa a ƙasarsa, suka gano yadda za a tace wutar lantarki bisa ga yawan kaɗawarta, domin amfanin wayar tarho. A shekarar 1930 aka fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola a Amurka. A cikin shekarun 1930 ɗin ne kuma ma'aikatan kamfanin fim na MGM, ƙarƙashin jagorancin Douglas Shearer, suka fito da lasifikar gidan silima mai kashi biyu da mararraba a tsakani, domin 'yan kallo su riƙa jin magana garau. A 1976 wasu injiniyoyi biyu, Siegfried Linkwitz da Russ Riley, suka kyautata lissafin, har yau ana kiran wani tsari da sunansu. Watau dai wannan sani ya girmi akwatin rediyon waya da aka kawo Kano a 1944, ya girmi 'yancin kan Nijeriya na 1960, ya kuma girmi masana'antar harhaɗa motocin Fijo da ta fara aiki a Kaduna a 1975. Abin kunya ne a ce har yanzu bai ƙetare kogin Wudil ya isa rumfunan masu gyara ba.

Mararraba mafi sauƙi ita ce kafasita guda ɗaya. Kowa ya san kafasitar fankar sama, tsofaffin makanikai kuma sun san 'yar'uwarta, kondansa, a motocin dā. Fallayen ƙarfe ne guda biyu marasa kauri, an raba su da wani abin da wuta ba ta ratsawa, aka naɗe. Halinta shi ne takan hana wutar da ba ta juyawa wucewa gaba ɗaya, ta wahalar da mai juyawa a hankali, ta buɗe hanya ga mai juyawa da sauri. Saboda haka idan aka yanke wayar da ke zuwa tuwita aka sa kafasita a tsakani, sauti mai kauri zai taras da ƙofa kusan a rufe, siriri kuwa ya wuce abinsa.

Girman kafasita, wanda ake aunawa da maikurofarad, shi ke nuna inda za a yi iyaka, kuma lissafin ɗan gajere ne. A ɗauki nauyin lasifika, wanda ake rubutawa a bayanta da ma'aunin om, a ninka shi da yawan kaɗawar da ake son iyakar ta tsaya, sa'an nan a raba 160,000 da abin da aka samu. Lasifikokin mota yawanci om 4 ne. Idan ana son iyaka a Hertz 4,000, to, 4 sau 4,000 ya ba da 16,000, idan kuma aka raba 160,000 da shi sai a sami 10. Kafasita mai maikurofarad 10 ake bukata ke nan. Mai 4.7 za ta ɗaga iyakar zuwa wajen 8,500. Idan tuwitar mai om 8 ce, rabin wannan girma ya isa. Haka nan ƙananan lasifikokin ƙofa da ke kakari in an bugi ganga, ana iya sauƙaƙa musu da kafasita mai 200, wadda za ta rage duk abin da ya gaza Hertz 200.

Naɗaɗɗiyar waya kuwa akasin kafasita take yi: tana barin mai kauri ya wuce, ta tare siriri, don haka ita ake sa wa a gaban wufa. Ɗan akwatin nan da ke zuwa tare da lasifikoki masu tsada, wanda ke da wurin ɗaura waya shida, ba kome ke cikinsa ba illa kafasita da naɗaɗɗiyar waya da ɗan abin rage ƙarfi.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa kafasita ɗaya ba katanga ba ce, gangara ce. A ƙasa da iyaka, duk sa'ad da kaɗawa ta ragu da rabi, wutar da ke isa tuwita takan ragu da kimanin rabi, abin da masana ke kira desibel 6. Idan aka haɗa kafasita da naɗaɗɗiyar waya, gangarar takan ninka ta kai desibel 12, kariyar ta fi ƙarfi. Ƙwararru na da hujja idan suka ce cikakkiyar mararraba ta fi. Amma wanda ba shi da halin ta, sai ya sa kafasita ɗaya ya ɗaga iyakar sama don a zauna lafiya. Ƙaramin goro ai ya fi babban dutse.

INDA AKE KUSKURE

A ƙaddara wani direba mai jigila tsakanin Toranke da Gaya da Wudil ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo lasifikoki daga kasuwar Sabon Gari a Kano. Ya kai wa yaron da ke haɗa waya a tasha. Yaron ya ga ɗan akwati ko wata 'yar kafasita a jikin waya, ya gwada da ita, ya gwada babu ita, ya ji in babu ita ƙarar ta fi tashi. Sai ya yanke ta ya jefar, yana ganin alheri ya yi wa mai mota. Kafin wata ya zagayo tuwita ta yi shiru. Direba ya ce an sayar masa da jabu, ya yi hasarar yinin aiki da kuɗin mai ya koma birni, ya sayo wata, aka sake haɗa ta kamar ta farko. Wannan shi ne kuskure na ɗaya, kuma shi ya fi yawa.

Na biyu shi ne a ciro kowace irin kafasita daga matacciyar rediyo a ɗaura. Galibin waɗanda ke cikin rediyo da talabijin masu gefe biyu ne, akwai alamar tarawa da ta ɗebewa, an yi su ne don wutar da ke tafiya hanya ɗaya. Wutar sauti kuwa kai da komowa take yi, don haka irin wannan kafasita takan ɓata sauti, ta kumbura, ta lalace. Wadda ta dace ita ce marar gefe, mai ɗauke da haruffan NP ko BP, wadda ke jure bolt 50 ko fiye. Idan ba a samu ba, ana iya haɗa masu gefe guda biyu masu girma ɗaya, ƙafar ɗebewa da ƙafar ɗebewa, amma a san cewa girmansu zai koma rabi. Ko kafasitar fanka ma tana yi, domin ba ta da gefe: guda huɗu masu 2.5 idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa sun ba da 10.

Na uku shi ne tara lasifikoki barkatai a kan waya ɗaya. Biyu masu om 4 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, huɗu kuwa om 1. Rediyon da aka gina don om 4 sai ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta mutu. Bugu da ƙari, lissafin kafasita yakan canja da zarar om ya canja, saboda haka kowace tuwita ta fi dacewa da tata.

Na huɗu shi ne murɗa ƙara har ƙarshe. Batirin mota bolt 12 ne, kuma da wannan wuta rediyon da ba a ƙara mata amfilifaya ba ba ta iya ba kowace lasifika fiye da kimanin wat 20 na tsabtataccen sauti, ko da me aka rubuta a kwalinta. Idan aka matsa mata fiye da haka sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewa kuwa takan haifar da wani siririn amo mai kaushi wanda kafasita ba ta tarewa, domin siriri ne, sai ya wuce kai tsaye ya gasa tuwita. Ashe ke nan ƙaramar rediyon da aka takura ta fi babbar amfilifayar da aka bi a hankali ƙona lasifika. Ribar da ake nema ma ba ta taka kara ta karya ba: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka.

Abin takaici kuma, rediyoyi da amfilifayoyi da yawa na wannan zamani sun zo da rariyarsu a ciki, an yi mata alama da haruffan HPF da LPF. Da za a kunna ta farko a tsayar da ita tsakanin 80 da 100 domin lasifikokin ƙofa, da an tsira da su ba tare da an kashe ko kwabo ba. Amma rashin sani ya fi dare duhu.

Ba motoci kaɗai abin ya shafa ba. Amsa-kuwwar ƙaho da ke kan masallatai da makarantu da motocin shela an yi ta ne don magana, ba don bugun ganga ba. Maganar ɗan Adam ba ta bukatar kauri kafin a fahimce ta, shi ya sa wayar tarho ta daɗe tana ɗaukar abin da ke tsakanin Hertz 300 da 3,400 kawai, kuma ana ganewa. Ƙaho mai om 16 in an sa masa kafasita mai 22, an kare shi daga abin da ya gaza wajen Hertz 450, har da bugun makirufo da hura shi da ake yi kafin a fara magana. Sau nawa jama'ar unguwa suka yi karo-karo don sayen sabon kan ƙaho, alhali abin da zai tsare tsohon bai kai ushirin kuɗinsa ba?

KUNNE BA SHI DA KAYAN GYARA

Lasifika in ta ƙone ana naɗa mata sabon koyil. Kunne ba haka yake ba. A can cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi waɗanda ke mai da kaɗawa ta zama ji, kuma in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Bisa ga ma'auninta, babban mutum yana iya jure desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. In ƙarar ta kai 90, awa 4 ne kawai. In ta kai 100 kuwa, minti 20 ne a mako guda. Sai a kwatanta wannan da direba ko yaron mota da ke wuni cikin ƙarar da sai an yi ihu kafin na kusa ya ji, tun daga hantsi har almuru, kwana bakwai a mako. Wannan shuuu da yake ji a kunnensa in ya kwanta da dare, gargaɗi ne. Ga kuma jarirai a bayan iyayensu mata da tsofaffi marasa lafiya, waɗanda ba a nemi shawararsu ba kafin a murɗa.

Akwai kuma batun tsaron hanya. Direban da bai ji odar motar da ke bayansa ba, bai ji kukan babur ko kiran makiyayi mai tsallakar da shanu ba, bai kuma ji sabon amon da injinsa ya fara ba, ya rufe wa kansa ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin tsira.

Kada a ɗauka cewa kafasita maganin kurumta ce. Tsabtataccen sauti ma in ya yi yawa yana kurumtarwa. Sai dai sau da yawa abin da ke sa mutum ya ƙara murɗawa shi ne bai ji abin da ake faɗa ba, kuma bai ji ba ne domin lasifikar tana kakari. In magana ta fito garau a ƙaramar ƙara, dalili ɗaya na murɗawa ya kau. Sauran ya rage ga hankalin mai mota.

DOKA KO ILMI?

Wasu na ganin gajeriyar hanya ita ce a hana, a riƙa kama masu lasifika ana cin su tara. Dokar dai tana nan. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, a 2007, kuma tun 2009 aka fitar da ƙa'idojin hana ƙara mai cutarwa. Amma ƙaramar hukuma kamar Ajingi, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 170,000 a warwatse cikin garuruwa da ƙauyuka, ba a iya sa mata ɗan doka a kowace tasha. Kamen da ba a haɗa shi da wayar da kai ba, ƙarshensa ya zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka. Rediyon mota kuwa ba abin ƙyama ba ce. Ta nan direba ke jin labarai da karatu da farashin kasuwa, ita ke kuma hana shi gyangyaɗi a doguwar tafiya. Doka tana da muhallinta a kusa da asibitoci da makarantu da kuma tsakar dare, amma ba za ta koya wa kowa lissafi ba.

Wani mai gyara kuma zai ce in lasifika ta daina ƙonewa, ina zai sami na cefane? Wannan gajeren tunani ne. A ƙauye labari ba ya kwana. Mai gyaran da aikinsa ya shekara bai dawo ba, shi direbobi za su riƙa nuna wa juna, har daga wasu garuruwa a zo nemansa.

Gaskiya ne kuma akwai jabun kaya a kasuwa, akwai kwalayen da ake rubuta musu wat ɗin da ba su da shi. Wannan aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, SON, wadda aka kafa tun 1971, kuma ya kamata ta sa ido a kai. Amma ko lasifika ta gari in an haɗa ta ba daidai ba ƙonewa za ta yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, a Wudil, maƙwabciyar Gaya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka buɗe a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma kwalejin fasaha ta gwamnati. Babu abin da zai hana ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su nemi haɗin kan waɗannan makarantu a shirya bita ta kwana biyu ko uku, da harshen Hausa, domin masu haɗa waya da masu gyaran rediyo. Darasin bai wuce yadda ake auna om da mita, da karanta lambobin kafasita, da lissafin da aka kawo a sama ba.

Na biyu, a buga jadawali na shafi ɗaya, da boko da ajami, mai nuna wace kafasita ta dace da wace lasifika, a raba ta hannun ƙungiyar direbobi da shugabannin masu sana'a, a liƙa a kowace rumfa.

Na uku, malaman kimiyya a makarantun sakandare su sauko da darasin kafasita daga allo zuwa tebur. Ɗalibi yakan haddace ma'anarta don cin jarrabawa, ya gama makaranta bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Tsohuwar lasifika ɗaya da kafasita uku sun isa su nuna wa aji guda, da kunnuwansu, abin da littafi ke nufi. Ɗaliban manyan makarantu da ke komawa gida hutu su ma suna da bashin da za su biya garuruwansu, ko da ta gyara amsa-kuwwar masallacin unguwa ce.

Na huɗu, ma'aikatan lafiya a matakin farko su sa batun ji cikin faɗakarwar da suke yi, musamman ranar 3 ga Maris ta kowace shekara, wadda aka keɓe don kula da ji a duniya. Wanda ya fara jin alama a tura shi asibiti da wuri. Akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa a Kaduna tun 1999, amma rigakafi ya fi magani.

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suna cikin mutanen farko da suka zauna a gindin Dala saboda neman tama. Ba ƙarfin dantse kaɗai ya ɗaukaka su ba, sanin halin ƙarfe ne da sanin iyakar zafin da yake ɗauka. Jikokinsu da ke riƙe da waya da dalma a tashoshin Gaya da Ajingi da Toranke ba su gaza kakanninsu basira ba. A ba su sanin, a ga aiki. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.